Gidan goro na kakanmu a Agege: mu rushe ko mu gyara?

Filin Tambaya da Amsa kan gini da muhalli

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni ɗan Agege ne, a nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakanmu ya zo daga Kano fataucin goro tun zamanin Turawa, ya gina gida mai bene ɗaya kusa da tashar jirgin ƙasa. Na jan bulo ne, matakalarsa da daɓen sama duk katako. Yanzu gidan ya tsufa: yana yoyo, bangon ƙasa ya jiƙe har ƙugu, ga tsaga a gefe guda. Wani dibelofa ya zo ya ce zai rushe shi ya gina mai hawa uku da shaguna a ƙasa, ya ci haya shekara 25 sannan ya mayar mana, kuma zai ba mu wani abu a hannu yanzu. Mu magada mun rabu biyu. Baffanmu da ƙannena sun ce a karɓa. Gwaggonmu ta ce sai dai bayan ranta. Ni ina tsakiya, kowa ni yake kira a waya. Don Allah me ka gani?

Daga wani mai karatu a Agege

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kakanku, ya ƙara wa gwaggo lafiya. Bari in faɗa maka ra'ayina tun daga farko: kada ku sa hannu a takardar mutumin nan sai an duba gidan. Ban ce kada a taɓa rushe shi har abada ba. Na ce a duba tukuna, kuma mai dubawar ya zama ku kuka ɗauko shi kuka biya shi, ba wanda dibelofa ya zo da shi a motarsa ba.

Rai ne gaba da komai. Ka tuna benen da ya rufta a Ita-Faji, cikin Ikko, wato tsibirin Legas, ranar 13 ga Maris 2019, da makarantar firamare a samansa. Kimanin mutum 20 suka rasu, cikinsu har da yara 'yan makaranta. Don haka in akwai ɗakin da silinsa ya lotsa, ko daɓen sama yana rawa in an taka, a fitar da masu kwana a ciki yau, ba gobe ba. Ka kuma sani dokar tsara birane ta Jihar Legas ta ba gwamnati ikon ƙwace filin ginin da ya rufta saboda sakacin masu shi. Zaman da kuke yi kuna jayayya gidan yana shan ruwa, shi ne mafi haɗari a cikin hanyoyin da ke gabanku.

To amma abubuwan nan uku da ka lissafa, yoyo da jiƙewar bango da tsaga, ba su isa a yanke wa gida hukunci ba. Tun ina saurayi nake aikin gini a garin nan, daga ɗaukar kwanon kwaɓi har na kai ga duba aikin wasu, kuma abin da na gani shi ne ruwa ke kashe tsofaffin gidajen Legas, tsufa kaɗai ba ya kayar da su. Ruwan yana shigowa ta sama, inda kwano ya ci tsatsa ko indararo ya toshe, ya sauka kan katakon rufi ya ruɓar da shi, gara ta biyo danshi ta ƙarasa. Yana kuma hawowa ta ƙasa. Duk lokacin da aka gyara titi sai a ɗaga shi, a ɗaga kwata, har ya zama gidan da a da ake hawa matakala biyu a shiga, yanzu gangarawa ake yi. Ruwan damina ya kwanta a gindin bango, bulo ya tsotse shi.

Nan ne mu da kanmu muke ƙara ɓarna da sunan gyara. Yawancin gidajen wancan zamani da kwaɓin farar ƙasa da yashi aka ɗora bulonsu, ba siminti mai ƙarfi irin na yau ba. Irin wannan bango yana shan danshi, yana kuma fitar da shi in iska ta buga. Sai mai gida ya ga bango ya jiƙe, ya kira birkila ya shafe shi da filastar siminti mai kauri, ya bi da fentin mai, ko ya manna tayil har rabin bango. An toshe wa danshin hanyar fita ke nan. Sai ya hau sama ya ɓullo a inda tayil ya ƙare, bulon da ke ciki kuma ya yi ta narkewa ba mai gani. Ina kyautata zaton in ka duba gidanku za ka tarar layin jiƙewar nan ta ƙugu daidai take da inda wani ya tsayar da filastarsa shekarun baya.

Kafin injiniya ya zo, akwai abin da za ka iya yi da hannunka. Ɗauki mukulli mai nauyi ka bi bango kana ƙwanƙwasawa. Inda ya amsa da ƙarfi, filasta na manne da bulo. Inda ya yi ƙarar holoƙo, ta rabu da shi, ka yi wa wurin alama da alli. Ka nemi sukundireba ka hau sama, ka caka a ƙarshen kowane katakon da ya shiga cikin bango, domin a nan ruɓa take farawa, ba a tsakiya ba. In ya tsaya a fata, katakon lafiya lau. In ya nutse ba da wahala ba, ko garin itace ya zubo, wannan sai canji. Da yawa daga cikin gidajen nan da iroko aka yi su, itacen da gara ba ta cika samun sa'arsa ba, har ka ga wanda ya haura shekara 80 ƙusa tana lanƙwashewa a jikinsa. Ita kuma tsagar, ka shafa ɗan kwaɓi siriri a kanta a wuri biyu ko uku, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka riƙa leƙawa har damina ta wuce. In kwaɓin bai fashe ba, tsagar ta daɗe da tsayawa, cikewa kawai take so. In ya fashe, ko tsagar ta fi faɗi a sama tana bin bulo kamar matakala, to harsashi na motsi, magana ta zama ta injiniya zalla.

Injiniyan ya zama mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Nijeriya, ka ce ya nuna maka lambarsa, kuma ya ba ku rahoto a rubuce da sa hannu da hatimi. Jihar Legas tana da ɗakin gwajin kayan gini da ke auna ƙarfin gini ba tare da an fasa shi ba. Wannan takarda za ta yi muku amfani ko a gaban jami'an LASBCA, hukumar da ke sa wa gine-gine alamar rusau, ko a zaman 'yan uwa. A kanta kuma za ku daina musu da zato.

Yanzu batun dibelofa. Ban ce dukkansu macuta ba ne. Amma ka yi lissafi da kanka. Ribarsa tana cikin shekarun nan 25, ba ruwansa da shekara ta 26. Wanda ya san zai bar gini a ƙarshen wa'adi, me zai sa ya zuba rodi da siminti na shekara ɗari? Na sha shiga irin waɗannan gine-gine da aka mayar wa masu su: dekin yana zubar da ruwa, rodi ya kumbura ya fasa kankare, ramin masai ya cika, magada kuma sun ninku, jikoki sun zama kakanni, ba wanda ya san inda kwafin yarjejeniyar yake. In har rahoton injiniya ya ce gidan ba ya gyaruwa, kuka koma kan tayinsa, to lauyanku daban, injiniyanku daban mai duba aiki tun daga harsashi. Takardun fili su ci gaba da zama da sunan gidanku, kada asalinsu ya bar hannunku. A rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa, a rubuta hawa nawa aka amince, domin ƙarin hawa a ɓoye yana cikin abin da ke ruftar da gini a garin nan. A nemi izinin rushewa da na gini daga gwamnati kafin a taɓa ko taga. A kuma rubuta ɗakin da gwaggo za ta zauna, da wanda zai biya hayarta kafin a gama.

Kada ka ɗauki baffanka a matsayin mai kwaɗayi. Gado haƙƙi ne, kuma mai kuɗin makarantar yara a wuyansa ba za a ce masa ya ci tarihi ba. Amma gwaggo ma tana da hujja, ko da ba ta iya jera ta ba, kuma zan taya ta.

Hausawa sun daɗe a Legas. A 1863 John Glover ya kafa ƙaramar rundunar nan ta Hausawa wadda sojan Nijeriya ke lissafa asalinsa daga gare ta, kuma zaman irin waɗannan sojoji yana cikin tushen unguwar Obalende. Layin dogo ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, zuwa 1912 kuma ana iya hawa jirgi daga nan har Kano. Wannan jirgi ne ya raya Agege: goro ya hau zuwa Arewa, shanu su sauko, Zango ya cika da fatake da dillalai da almajirai. Amma tambayi kanka, in yaro ya ce maka nuna mini, me za ka nuna masa? Zuriyar bayin da suka dawo daga Birazil suna da gidajensu a titunan Kakawa da Bamgbose. Ma'aikatan jirgi suna da tsohon gidan nan Jaekel House a Ebute Metta. Mu galibi haya muka zauna, ko muka yi rumfa, kuma 'yan gidajen da iyayenmu suka gina ana ta share su ɗaya bayan ɗaya. Ka dubi yadda gefen tasha ya canja tun da aka buɗe gadar Pen Cinema da sabon layin dogo na Ibadan a 2021. Ranar da wani zai tashi ya ce jiya kuka zo, gida irin naku yana cikin abin da zai amsa masa.

Kuma gidan mai goro ba kamar sauran gidaje ba ne. Na tashi ina shiga irinsu. Da ka wuce zaure sai ɗakunan baƙi a jere, inda fatake ke sauka a hannun maigida, shi ne masaukinsu, shi ne mai ajiyar kuɗinsu, shi ne mai tsaya musu in bashi ya shiga. Can ciki akwai sito mai duhu da sanyi, an yi masa 'yan tagogi a sama don kada rana ta taɓa huhun goro. A tsakar gida akwai daɓe mai gangara inda ake wanke goro a tsane shi, mata na zaune suna ɓarewa, dattijo yana tsince mai tsutsa da ɗan yatsa kafin a jera a ganye. In waɗannan wurare suna nan a gidanku, to abin da kuke riƙe da shi ba za a sake gina irinsa ba.

Abin da zan so ku gwada, in injiniya ya ce ƙashin gidan lafiya, shi ne gyara daki-daki, gidan yana biya wa kansa. A fara da rufi da indararo, domin duk gyaran da aka yi a ƙarƙashin rufi mai yoyo asara ce. Sai a haƙa magudana a kewaye gindin bango a janye ruwa. A kankare filastar simintin nan da tayil, a bar bango ya sha iska har rani, sannan a shafe da kwaɓi mai laushi. Tagogin katako a gyara su, kada a cire a sa na alminiyam; kafinta mai haƙuri zai canja abin da ya ruɓe kawai. Ɗakunan gaba da ke kallon titi a mayar da su shaguna, amma ba tare da an fasa bangon da ke ɗauke da bene ba. Hayar shagunan a buɗe mata asusu da sa hannun mutum uku, rabi gyara, rabi rabo. Wanda yake son kasonsa ya fita, a ƙiyasta gidan a gaban malamin da ya san rabon gado, masu son riƙewa su saye kason a hankali. Wasu gidajen sukan mayar da zaure da ɗaki ɗaya waƙafi na makarantar allo, wannan ma yana hana a sayar da dare.

Ko me kuka yanke, wannan makon ka ɗauki wayarka ka ɗauki hoton kowane ɗaki, kowace ƙofa, da rubutun da ke goshin gidan in akwai. Ka zaunar da gwaggo ka naɗi muryarta, ta gaya maka wa ya kwana a wane ɗaki, su wane ne suka sauka a nan. Tsofaffin rasit, da littafin bashin kaka in na ajami ne, a sa su a leda a ɗaga daga ƙasa.

TAMBAYA: Malam, ina cikin kwamitin wani tsohon masallacin unguwa a Ebute Metta. Ya yi mana kaɗan, ranar Juma'a har kan titi. Wani bawan Allah ya ce zai rushe ya gina sabo mai hawa biyu. Dattawa biyu suna ja. Ba ƙin alheri ba ne wannan?

Daga wani ɗan kwamiti

AMSA: Alhaji, Allah ya saka wa mai niyyar da alheri, ya karɓa. Faɗaɗa masallaci abu ne mai kyau, kuma ba wanda zai so a yi sallah a ƙarƙashin rufin da ba a amince da shi ba. Mun ga abin da ya faru a Babban Masallacin Zariya a watan Agusta 2023, da wani sashe ya rufta ana sallar La'asar aka rasa rayuka. Shi ma ku fara da dubawa.

Amma dattawan nan ba ƙin alheri suke ba. Ku je cikin Ikko ku ga misali biyu da ke kusa da juna. Babban Masallacin Legas na titin Nnamdi Azikiwe da aka buɗe a 1988 ya zauna ne a gurbin wani tsoho da aka kammala a 1913, mai fasalin ginin 'yan Birazil. Sabon yana da girma da kyau, ya ɗauki jama'a, amma tsohon sai a hoto. Ku taka kaɗan zuwa titin Martins, ga Masallacin Shitta-Bey a tsakiyar hayaniyar kasuwa. Muhammad Shitta, attajiri haifaffen Saliyo, shi ya gina shi da kuɗinsa, aka buɗe a 1894. Gwamna Carter ya halarta, Abdullahi Quilliam, wani Bature Musulmi, ya zo daga Ingila da saƙon Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wanda ya ba Shitta sarautar Bey. Yau ya haura shekara 130 ana sallah a cikinsa, kuma a 2013 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Duk wanda ya ce Musulunci baƙo ne a Legas, wannan ƙofa za ka kai shi.

Ku tambayi mai zanen gini ko za a iya barin tsohon ɗakin da mihrabinsa da fuskar gaba, a yi ƙarin ta baya ko ta gefe. Sau da yawa yana yiwuwa, yakan ma fi araha. Sharaɗi ɗaya zan ƙara: kada a taɓa bulo ɗaya sai kuɗin aiki sun kai na rufi a asusun masallaci. Masallatan da aka rushe da alkawari, jama'a suka shekara da shekaru suna sallah a ƙarƙashin tamfol tsakanin rodi, suna da yawa.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce, muna zaune a Obalende. An ba mu aiki a makaranta kan tsofaffin gidajen Popo Aguda, unguwar waɗanda suka dawo daga Birazil. Ni dai ban ga abin da ya haɗa mu da su ba. Ba tarihin Yarbawa da Kiristoci ba ne?

Daga wata ɗaliba

AMSA: 'Yata, akwai abin da ya haɗa mu. Cikin bayin da aka kwasa zuwa Bahiya ta ƙasar Birazil akwai Hausawa da yawa. Su ne suka shirya yunƙurin tawaye na 1807 a birnin Salvador, kuma a babban tawayen Musulmi na 1835 akwai su tare da Yarbawa, da layunsu da rubutunsu na Arabiyya. Bayan wannan tawaye aka koro wasu, wasu suka fanshi kansu suka biyo jirgin ruwa, aka ci gaba da dawowa har bayan da Birazil ta soke bauta a 1888. Cikin waɗanda suka sauka a Legas akwai Kirista akwai Musulmi, har da masallatansu. Sun zo da sana'a a hannu, birkiloli da kafintoci da masu adon filasta, su suka gina coci, su suka gina masallaci.

Ki fara da Water House a titin Kakawa, gidan zuriyar Da Rocha, wanda ya samo sunansa daga ruwan da ake sayarwa a cikinsa tun kafin famfo ya wadata. Ki lura da adon da ke saman tagogi da ƙarfen baranda. Daga nan ki je bakin dandalin Tinubu ki tambayi inda Ilojo Bar, wani gida mai fasalin ginin 'yan Birazil, yake a da. An gina shi wajen 1855, aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956, aka rushe shi ranar Lahadi 11 ga Satumba 2016, jajibirin Babbar Sallah, lokacin da ofisoshi ke rufe. Akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da dokarta ta 1979, akwai dokar Jihar Legas ta 2011 kan wuraren da aka keɓe, duk ba su tsayar da katafila ba a wannan safiya. Har yau in na bi ta wurin raina yana ɓaci. Ki sa wannan a aikinki, ki tambayi malaminku me ya sa doka ta kasa.

Don kada ki tsaya kan asara kaɗai, ki shiga Freedom Park a titin Broad, tsohon kurkukun Turawa inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo, wanda mai zanen gini Theo Lawson ya mayar wurin shaƙatawa aka buɗe a 2010. Sai Jaekel House a harabar ma'aikatar jirgin ƙasa ta Ebute Metta, gidan 1898 da ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara ya zama ƙaramin gidan tarihi, da tsofaffin hotuna da kayan aikin jirgi. Ki tafi da yayanki ko wata babba, ki je da safe kafin kasuwa ta cika, kuma ki nemi izinin masu gida kafin ki ɗaga waya, domin yawancin gidajen nan akwai mutane a ciki.